Ƙasusuwan da aka tono a layinmu, da gawarwakin da muke binnewa babu suna

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya jama'a. Dan Allah a ɗan ba ni fili, na san wasiƙar ta yi tsawo amma abin ya daɗe yana cina a rai, in ban faɗa ba wallahi ba zan samu sukuni ba.

Kwanakin baya a nan layinmu wani bawan Allah ya sayi kango yana gyarawa, leburori na haƙa masa sokawe, sun yi ƙasa kamar tsayin mutum da ɗan wani abu sai diga ta daki wani abu da ba dutse ba, da aka share ƙasa sai ga ƙoƙon kan mutum, ga haƙarƙari ga ƙashin cinya. Kafin kace kwabo layi ya cika maƙil. Wannan yace aikin matsafa ne, wancan yace ai wani mai gadi ne da ya ɓace tun zamanin soja, wata tsohuwa ta rantse tun tana yarinya ake ce musu wurin tsohuwar maƙabarta ce, matasa kuwa waya kawai suke ɗagawa, kafin azahar hoto ya zagaye Facebook da WhatsApp da labari kala uku. Na ga wani yaro da idona ya ɗauki muƙamuƙin yana jujjuyawa yana ƙirga haƙora. Aka kira mai unguwa, aka kira liman, akace haƙƙin mamaci a suturta shi, aka tattara abin da aka gani a buhun taki aka naɗe da farin yadi, kafin la'asar an kai maƙabarta, leburori suka koma aikinsu. Ba wanda ya auna zurfin ramin, ba wanda ya duba yadda aka kwantar da shi, ko fuskarsa na kallon gabas kamar yadda muke yi ko kuwa jefa shi aka yi, ba wanda ya tankaɗe ƙasar ko za'a samu maɓalli ko kwabo ko harsashi. Ni da na yi shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare ina tsaye a wurin, hannuna a aljihu, kunyar manya ta hana ni cewa a dakata. Laifin har da ni.

To har yau ba wanda zai iya ce maka namiji ne ko mace, ko shekara 15 ya yi a ramin nan ko 500. Kuma duka biyun suna iya yiwuwa fa, Kano ce, garin da masu bincike suka samu alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7, mutane sun rayu sun mutu a ƙarƙashin gidajen da muke kwana a ciki ba adadi. Amma kuma garin ne da ake sanarwar cigiya kullum a rediyo.

Muna cewa ido ba mudu ba amma ya san kima, to a kan gawa da ƙashi wannan karin maganar bata ci. Bari in ba ka labarin wani gwani ɗan Amurka, Farfesa William Bass na jami'ar Tennessee, wanda aikinsa kenan duba ƙasusuwan mutane. A ƙarshen 1977 'yan sanda suka kira shi, an samu wani tsohon kabari an tone shi, ga gawa babu kai a saman akwatin, sanye da kaya masu kyau, naman jikin da sauran ja-ja kamar bai daɗe ba. Ya duba ya ce mutumin nan bai wuce shekara ɗaya da mutuwa ba, aka shiga neman wanda ya yi kisa ya zo ya ɓoye gawa a kabarin wani. Ashe mai kabarin ne da kansa, Kanar William Shy, sojan da aka kashe a yaƙin basasar Amurka a 1864, ɓarayin kabari ne suka fasa akwatin suka jawo shi. An yi masa maganin hana ruɓewa an rufe shi ruf a akwatin ƙarfe shi yasa nama bai lalace ba. Gwani ya yi kuskuren shekara 113 cur. Abin da ya burge ni da mutumin bai ɓoye ba, kunyar abin ce ma ta tura shi ya buɗe wani fili a jami'ar a farkon shekarun 1980 inda ake ajiye gawarwakin waɗanda suka yarda a yi nazari da jikinsu, wata a rana wata a inuwa wata a ruwa wata a binne, ana rubuta yadda kowace ke lalacewa kwana bayan kwana. In farfesa zai zame haka, ina ga mu da muka tsaya a bakin sokawe muna rantsuwa?

Na Ingila ma ya fi ban mamaki. A 1983 masu haƙar taɓo a wata fadama da ake kira Lindow suka tono ƙoƙon kai da sauran gashi da ɗan nama a jiki, masu bincike sukace na mace ne mai matsakaicin shekaru. Dama akwai wani mutum a kusa da wurin da 'yan sanda ke zargi, matarsa ta ɓace sama da shekara 20, da aka gaya masa an samu kai sai kawai ya amsa yace eh shi ya kashe ta ya binne a nan. Bayan ya gama amsa laifi sai sakamakon gwaji ya fito daga Oxford cewa kan nan ya kai shekara 1,700, tun zamanin Rumawa. Ruwan fadamar ne mai tsami da rashin iska ke jeme fata kamar yadda majema ke yi. Ya so ya janye maganarsa, kotu dai ta ɗaure shi da bakinsa, amma gawar matar ba'a same ta ba. Haka mutumin da masu hawan dutse suka tsinta cikin ƙanƙara a iyakar Italiya da Ostiriya a 1991, aka ɗauka wani ne ya yi hatsari kwanan nan har aka sa injin fasa dutse wajen ciro shi aka lalata masa ƙugu, daga baya aka gano ya kai shekara 5,300.

Su can sanyi da taɓo ke ruɗa su, mu nan zafi ne. Gawar da za ta yi watanni a ƙasar sanyi bata zama ƙwarangwal ba, a bazararmu da zafi ke haura maki 40, ga ƙuda ga karnuka ga ungulu in ana samunta, cikin 'yan makonni sai ƙashi. In an binne kuma gara na nan, ita har ƙashin take ci. Da hunturu kuwa ko a cikin rairayi sai fata ta bushe ta ƙame kamar kilishi, Allah ya gafarta mini da misalin, ta daɗe a haka. Masu bincike na amfani da tsutsa, koren ƙudan nan da ke fara sauka kan mushe yana yin ƙwai cikin sa'o'i kaɗan, in ka san irin ƙudan kuma ka san zafin wurin za ka iya lissafa kwanakin daga girman tsutsar. Ba sabon ilimi ba ne, wani alƙalin ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta tun 1247 yadda aka kama mai kisa a wani ƙauye, aka sa kowa ya ajiye laujensa a rana, ƙudaje suka bar na kowa suka taru kan guda ɗaya duk da an wanke shi. Amma lissafin tsutsa na makonnin farko ne kawai, kuma jadawalin da aka yi a Tennessee ba zai yi maka aiki a Gumel ko Maraɗi ba, sai an zauna an yi namu da ƙudanmu da zafinmu.

Sannan ka duba hamada. A shekarar 2000 wani Ba'amurke Paul Sereno da tawagarsa suna neman ƙasusuwan dabbobin da a hamadar Tenere ta Nijar, sai suka ci karo da wurin da ake kira Gobero, kaburbura kusan 200, iska ta kwashe rairayi ƙasusuwan mutane na kwance a fili, mafi tsufa a cikinsu sun doshi shekara 10,000, tun lokacin da wurin tafki ne mai kifi da dorina. A cikin hamadar nan dai a watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mota ta lalace musu ƙishirwa ta kashe su, 52 yara ne 33 mata, akasarinsu 'yan uwanmu ne daga yankin Kance a jihar Damagaram, aka binne su a inda aka same su don sun riga sun lalace. To yau in direba ya ga farin ƙashi a kan rairayi a hanyar nan, na mai kamun kifin shekara dubu takwas ne ko na matar da ta bar Kance shekaran jiya? Ido ba zai raba ba.

Nan ne ake cewa a kai gwajin kabon. Yawancinmu mun ji shi a labarin kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe da wani makiyayi ya tono a 1987 yana haƙa rijiya, aka gwada a Jamus akace ya kai shekara 8,000. Yadda abin yake a sauƙaƙe, akwai wani nau'in kabon a iska da ake kira kabon 14, tsiro na shaƙa, mu ci tsiro mu ci dabbar da ta ci tsiro, ranar da mutum ya mutu shigarsa ta tsaya sai raguwa, duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Sai a auna abin da ya rage a yi lissafi. Willard Libby ne ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940 har ya samu kyautar Nobel a 1960, kuma a nan Afirka ta yamma Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin wannan gwaji a Dakar tun shekarun 1960, don kada wani yace abin na Turawa ne kaɗai. Sai dai agogon da ke tafiya a hankali haka bai iya raba maka shekara 30 da 60 ba, kuma abin takaici daidai tsakanin wajen 1650 zuwa 1950 nan ne ya fi ruɗewa, sai ya ba ka amsa biyu ko uku ka zaɓa. Wato in ƙashin layinmu na zamanin Shehu ɗan Fodiyo ne ko na zamanin zuwan Turawa, da ƙyar ya bambance.

Har abincin mutum na ruɗa shi. Da aka tono ƙwarangwal a wurin ajiye motoci a garin Leicester a 2012 ana zaton Sarki Richard na uku ne wanda aka kashe a yaƙi a 1485, gwajin farko ya nuna mai ƙashin ya mutu wajen 1430 zuwa 1460, kaga bai yi daidai ba kenan. Sai aka lura mutumin ya ci kifi da kayan teku sosai, kabon na cikin ruwa kuma tsoho ne, yana sa ƙashi ya zama kamar ya fi shekarunsa, da aka gyara lissafin sai ya faɗa daidai, sannan gwajin DNA, wato ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye, na jikokin 'yar uwarsa ya tabbatar. Na ce a raina to Sarkawan Yawuri da masuntan tafkin Chadi fa, su da kifi ne cimarsu, duk wanda zai gwada ƙashinsu bai san wannan ba zai tsufar da su.

Abin da ya zo ya taimaka wajen gawarwakin zamaninmu kuwa, abin dariya abin kuka, bam ne. Daga wajen 1955 zuwa 1963 manyan ƙasashe suka yi ta gwada bam ɗin nukiliya a sararin sama har kabon 14 na iska ya kusa ninkawa, da aka sa hannu kan yarjejeniyar hana gwajin a 1963 sai ya fara sauka a hankali, kuma masana na da awon kowace shekara. Mu ma abin ya shafe mu kai tsaye, Faransa ta tayar da nata bam ɗin na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, ta ci gaba, har gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. To duk wanda ya rayu bayan 1955 akwai tambarin bam ɗin nan a jikinsa, ni da kai Malam Edita har da mu. Wasu masana a Suwidin suka nuna a 2005 cewa farin ɓawon haƙori tunda ya ginu a yarinta baya canzawa, kuma an san shekarun da kowane haƙori ke ginuwa, saboda haka daga haƙori ɗaya ana iya faɗin shekarar haihuwar mutum kuskuren bai wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba. Ka tuna muƙamuƙin da yaron nan ke wasa da shi? Haƙori ɗaya daga ciki da ya raba gardamar mai gadi da tsohuwar maƙabarta. Ƙashi shi kuma jiki na sabunta shi a hankali tsawon shekaru, saboda haka baya ba da ranar mutuwa kai tsaye, sai an haɗa da na haƙori da gashi ko farce in akwai. Kuma wannan dama ma tana ƙarewa don kabon ɗin iska ya sauko kusan inda yake kafin bam, yaran da ake haifa yanzu tambarin ya dushe.

Duk wannan kan yaushe ne fa, ba'a zo kan waye ba. Ƙashi na magana amma a taƙaice. Ƙashin ƙugu ke nuna mace ko namiji in baligi ne, in yaro ne da bai balaga ba ko gwani baya iya rantsewa. Shekarun yaro ana kusantar su sosai daga haƙora da gaɓoɓin da basu gama haɗewa ba, ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa shi ke ƙarshen haɗewa, sai mutum ya doshi 30, daga nan kuma sai kirdado, ace tsakanin 35 da 55, wanda rabin magidantan unguwa sun shiga ciki. Tsayi daga ƙashin cinya ake lissafawa, amma shahararren ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi daga gawarwakin sojojin Amurka na yaƙin duniya na biyu da na Koriya aka fitar da shi, ba daga Bafulatanin Adamawa ko Babarbaren Borno ba. Abubuwan da mu muke gane mutum da su kuwa, bille da kalangu da 'yar baka da tabon sallah a goshi, duk a fata suke, su ke fara tafiya.

'Yan sandan duniya abu uku suka yarda da shi a matsayin hujja mai ƙarfi, zanen yatsa da haƙora da DNA. Lokacin ambaliyar tsunami ta 2004 a Tailan akasarin Turawa 'yan yawon buɗe ido da haƙoransu aka gane su, don likitan haƙorin kowa na da fayil da hoto a gida. Mu wa ke zuwa wurin likitan haƙori in ba ciwo ya hana shi barci ba, in ya je ma cirewa ake yi a jefar. Zanen yatsa kuwa muna da shi jibgi, sama da mutum miliyan 100 sun dangwala yatsu goma wajen katin ɗan ƙasa, ga na banki ga na zaɓe, mun sha layi a rana saboda su, to me zai hana gawar da aka kawo mutuware daga hatsarin mota babu waya babu kati a ɗauki yatsunta tun kafin fata ta saɓule a tambayi kwamfuta? In ana yi ban taɓa gani ba a wuraren da na raka mutane neman nasu, abin da na gani shi ne a jawo maka durowa ɗaya bayan ɗaya kana toshe hanci.

DNA kuma mutane sun ɗauka kamar a fim ne, a sa a inji suna ya fito. Ba haka ba ne wallahi. Lambobi kawai yake ba ka, sai in akwai na uwa ko uba ko ɗa ko ɗan uwa da za'a kwatanta, in babu to ka samu makulli ne babu ƙofa. Zafi da damshi kuma suna cinye shi, shi yasa ake neman haƙori ko wani ƙashi mai tauri da ke cikin kai ta wajen kunne, wuta kuwa in ta yi yawa shikenan. A Amurka da duk kuɗinsu, cikin mutum 2,753 da suka mutu a tagwayen benen New York a 2001 har yanzu kusan 1,100 ba'a gano ko ɗan yatsansu ba, ana nan ana gwadawa. A Bosniya bayan kisan Srebrenica na Yulin 1995 da aka hallaka maza da samari Musulmi kusan 8,000, makasan suka dawo da katafila suka tone ramukan suka rarraba gawarwakin wasu wurare don ɓoye laifi, har ana samun sassan mutum ɗaya a kabari uku ko huɗu. Duk da haka an gano kusan 7,000 da sunansu. Ba wani sihiri, dubban iyaye mata da zawarawa ne aka bi gida gida har ƙasashen da suka yi hijira aka ɗibi ɗigon jininsu aka ajiye. Mu nan da jirgin Dana ya faɗi a Legas ranar 3 ga Yuni 2012 da mutum 153 sai Ingila aka kai samfurin, iyalai suka yi makonni suna jira. Legas ta buɗe cibiyar DNA tata a 2017, aka ƙone ta a rikicin Oktoban 2020.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na kasa barin maganar. Ɗan ƙanwata ya tafi Libiya neman kuɗi shekaru tara kenan, kiran ƙarshe yace gobe za su tashi, daga nan shiru. Ya bar mata da jariri. Uwarsa ta hana a yi zaman makoki ta hana a yi sadaka, tace wa ya nuna mata gawa, duk baƙuwar lamba da ta shigo wayarta jikinta rawa yake. Matar kuma ta zauna ba ita ce matar aure ba ba ita ce mai takaba ba, har aka je gaban alƙali, kuma abin da ke cikin Risala sananne ne, matar wanda ya ɓace a yanka mata shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka gama bincike, sannan ta yi idda irin ta mamaci, dukiyarsa kuwa ba'a raba ta sai an kai shekarun da irinsa baya wuce su a raye. Dokar ƙasa ita kuma shekara bakwai take cewa. Shi yasa mutanenmu ke cewa gara mutuwa da ɓata. Kuma ba mu kaɗai ba ne, ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce a 2019 tana da sunayen kusan mutum 22,000 da suka ɓace a Najeriya, akasari saboda rikicin arewa maso gabas, fiye da rabi yara ne lokacin da suka ɓace, kuma waɗanda aka kai musu rahoto kenan kawai.

Wani lokaci in na karanta labarin jirgin ruwan da ya nutse ranar 18 ga Afrilu 2015 tsakanin Libiya da Italiya, mutum 28 kacal suka tsira cikin ɗaruruwa, sai in ce ko irin wannan ne. Italiya ta ciro jirgin daga ƙasan teku bayan shekara ɗaya, wata likita Cristina Cattaneo da mutanenta suka bi gawarwakin ɗaya bayan ɗaya, a cikin rigar wani yaro ɗan Mali mai kimanin shekara 14 suka samu takardar sakamakon jarrabawarsa an ɗinke ta a ciki. Sun ɗibi samfur sun ajiye, amma ina iyayen da za'a kwatanta da su, suna ƙauyukan da ba wanda ya je ya ɗibi jininsu. Haka 'yan matan Najeriya 26 da aka yi wa jana'iza a Salerno a Nuwamban 2017, ranar binnewar biyu kaɗai aka san sunansu.

Na san abin da wasu za su ce, addini yace a gaggauta binne mamaci, kuma karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Gaskiya ne ban ja ba, ban kuma ce a ajiye gawa tana wari ana jiran Bature ba. Amma ranar Uhudu Anas ɗan Nadr, Allah ya ƙara masa yarda, an same shi da rauni sama da 80 an yi masa kaca-kaca ba wanda ya gane shi, sai 'yar uwarsa ce ta gane shi da yatsunsa. Ai an tsaya an duba kenan, an nemi wanda ya san shi. Abin da nake roƙo bai kai awa ɗaya ba kuma baya buƙatar injin miliyoyi. Gawar da ba'a san mai ita ba, kafin likkafani a ba ta lamba, a ɗauki hoton fuska da tabo da haƙora da kayan jikinta da lambar a gefe, a dangwala yatsu a takarda, ma'aikacin lafiya ya yanki ɗan farce ko gashi da saiwarsa ko abin da likitoci suka ga ya dace a sa a ambulan, a rubuta lambar a ƙarfe ko a takarda cikin kwalba a binne tare da ita, mai kula da maƙabarta ya rubuta a littafi layi kaza kabari kaza. In mutanen da yawa ne kamar gobarar tankar Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 da ta ci sama da mutum 150 aka yi musu kabari na bai ɗaya, to a jera su gefe da gefe kowa da lambarsa a zana taswirar wanda ke ina, kada a ɗora wani kan wani. Tsoron da ake yi cewa gawar hatsari za ta jawo annoba shi ke sa gaggawar ta wuce kima, alhali hukumar lafiya ta duniya ta sha faɗa cewa wanda wuta ko ruwa ko hatsari ya kashe baya yaɗa annoba, banda irin su kwalara da Lassa da Ebola da ke da nasu tsarin. Ko yau ba mu da kuɗin gwajin, samfurin zai jira, Bosniya ma sai bayan shekaru aka fara gane mutane da yawa. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini da 'yan Hisba da ma'aikatan kiyaye haɗurra su ne ke fara isa wurin, su ya kamata a koya wa, kwana biyu ya isa. In kuma ƙashi aka tono a gini, a dakatar da diga, a kewaye da igiya, a kira hukuma da masu ilimin tarihin ƙasa na jami'a, Bayero da Ahmadu Bello duk ga su nan kusa, su gani a yadda yake kwance kafin a taɓa.

Satin da ya wuce na je maƙabartar raka wata jana'iza, bayan an watse na tambayi dattijon da ke haƙa ina aka sa buhun nan na layinmu, ko da wata rana wani zai zo nema. Ya yi shiru ya duba, ya miƙa hannu yace tsakanin bishiyar can da katanga ne dai Malam, ruwan bana ya baje wurin, kuma an ƙara mutum shida ko bakwai a jeren.

Na gode da filin da aka ba ni, Allah ya jiƙan magabatanmu.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya, daga cikin birnin Kano